Nonon Uwa ko Hukuncin Tumbi: Wa ke Zaɓa wa Ɗan Tunkiya Ciyawarsa?

Duk wanda ya taɓa sayen rago a kasuwar Maigatari ko ta Illela da niyyar turke shi zuwa babbar Sallah ya san wannan matsala, ko kuma ya ji maƙwabcinsa na kuka da ita. A kawo raguna biyu gida rana ɗaya, girmansu ɗaya, lafiyarsu ƙalau. A dama dusa a ajiye musu. Ɗaya ya kafa kai, ba zai ɗago ba sai ya ga ƙasan kwano. Ɗayan kuwa ya sansana, ya ja da baya, ya tsaya yana kuka, alhali cikinsa a lafe yake don yunwa. Masu kiwo ba sa wahalar neman dalili, cewa suke yi ragon daji ne, bai san dusa ba. Maganar gajera ce, amma da'awar da ke cikinta babba ce: wai tunkiya koyon abinci take yi, kuma abin da ba ta sani ba tun tana ƙarama yana iya zame mata baƙo har girmanta.

Masana kiwon dabbobi sun ɗauki wannan batu da gaske tun daga shekarun 1970, musamman a Ostareliya da yammacin Amurka, kuma har yau bakinsu bai zo ɗaya ba a kan nauyin da ya dace a ba shi. Wasu na ganin makonnin farko na rayuwar ɗan tunkiya, lokacin da yake biye da uwarsa yana tsinkar abin da ta tsinka, su ne ke shata masa abin da zai so da abin da zai ƙi. Wasu kuma na ganin an zuzuta lamarin. A wurinsu jinin da ya gada, da abin da cikinsa ya gaya masa bayan ya ci, da abin da makiyaya ta tanada a ranar, su ne masu yanke hukunci, sabon ƙuruciya kuwa ba ya daɗewa yake gogewa. Wannan gardama ta wuce ta malaman jami'a. Amsarta ce ke nuna wa makiyayi ko ya dace ya yaye da wuri, ko ya sayo tumaki daga nesa, da kuma wace tunkiya zai fara kaiwa kasuwa ranar da rani ya matsa.

Hujja mafi ƙarfi a hannun ɓangaren farko daga Ostareliya ta fito. A can, idan fari ya cinye makiyaya, da hatsi ake ceton garke, kuma manoma sun daɗe suna ganin tumakinsu na ramewa a gaban alkamar da aka zuba musu, don ba su taɓa sanin ƙwaya abin ci ba ce. Masu bincike a garin Armidale, cikinsu har da J. J. Lynch, suka gwada wani abu mai sauƙi. Suka ware 'yan tumaki tun suna shan nono, suka riƙa ajiye musu alkama awa ɗaya a rana har kwana 5. Wasu tare da iyayensu mata waɗanda suka saba cin alkama, wasu su kaɗai. Daga nan aka ɗauke alkamar, ba su sake ganinta ba. Bayan kusan shekara 3 aka sake zuba musu. Waɗanda suka gan ta a bakin uwa suka faɗa mata kamar jiya suka rabu, har suka ci kusan ninki 10 na abin da sauran suka ci. An buga wannan sakamako a 1984.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan gwaji shi ne rukuni na biyu. Su ma sun ga alkamar, sun sansana ta, kwana biyar ana ajiye musu ita, amma da yake ba uwa a gefe tana ci, ganin bai amfane su da wani abin kirki ba. Ke nan ajiye abinci a gaban ɗan tunkiya daban, koya masa daban. Awa biyar kacal a gefen uwa suka bar alamar da ta shekara uku.

Mutumin da ya fi kowa bin diddigin wannan lamari shi ne Fred Provenza na Jami'ar Jihar Yuta a Amurka, shi da ɗalibansa da abokan aikinsa. Dabararsu ita ce su fara sa uwa ta tsani wani abinci. Sukan ba ta abincin, sannan su ɗura mata ɗan gishirin litiyam, wanda ke kawo tashin zuciya na ɗan lokaci ba tare da ya yi illa mai ɗorewa ba. Tunkiyar sai ta ɗora laifin a kan abincin, ta daina taɓa shi. Sai a sake ta da ɗanta a gaban abinci iri biyu, wanda take ci da wanda ta ƙaurace wa. Bayan yaye, aka ga 'ya'yan sun bi sahun iyayen: abin da uwa ta ci suna ci sosai, abin da ta ƙi suna ɗan taɓawa su bari, duk da cewa su ba a taɓa ba su maganin ba. A wani gwaji da aka buga a 1990 kuma an ga cewa tasirin uwa ya fi kama 'yan mako 6 fiye da 'yan mako 12.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa zama ya kalli garke. Ɗan tunkiya yana fara tsinkar ciyawa tun yana da mako 2 zuwa 3, amma tumbinsa ba ya kama aiki sosai sai wajen mako 8. A tsakanin nan nono ne abincinsa na gaskiya, ciyawa kuwa ɗanɗano ce. Yana manne da uwarsa, bakinsa kusa da bakinta, yana cin kaɗan-kaɗan daga abin da ta riga ta tantance. Ko ya yi kuskure, abin da ya haɗiya bai kai ya kashe shi ba, kuma ga nono na jiransa. Babu wani lokaci a rayuwarsa da gwada sabon abu zai sake yi masa arha kamar wannan. Da ya girma ya fara nisa da uwar, ya shiga cikin tsararrakinsa, ƙofar ta fara tsukewa.

Masu wannan ra'ayi sun ma tura maganar baya, zuwa kafin ɗan tunkiya ya san ciyawa. Ɗanɗanon abin da uwa ta ci yana ratsawa cikin nono, yana kuma shiga ruwan mahaifa, wanda ɗan tayi ke haɗiya. A Yuta an shayar da 'yan tumaki madara mai ƙamshin albasa ko tafarnuwa, daga baya aka ga sun fi karkata ga abinci mai ƙamshin da suka sani. A Girka, a wani bincike na 2008, an sa wa tumaki masu ciki man origano, wani ganyen ƙamshi dangin na'a-na'a, a cikin abincinsu, 'ya'yan da suka haifa kuma suka fi sauran karɓar abinci mai wannan ƙamshi. Misalin Yammacin Ostareliya ya fi waɗannan nauyi. A can, a ƙasa mai gishiri, ana shuka wani ƙaramin itace mai ganye cike da gishiri don tumaki su samu abin ci da rani. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa 'ya'yan tumakin da suka yi kiwo a cikinsa suna da ciki sun fi sauran ƙiba idan aka kai su wannan kiwo, kuma har yadda ƙodarsu ke sarrafa gishiri ya bambanta. Wannan ya wuce sha'awar baki, jikin ne kansa aka gina don abincin.

Haka aka gani a Ajantina, inda Roberto Distel da abokan aikinsa suka ciyar da 'yan tumaki daga wata 1 zuwa wata 5 da busasshiyar ciyawa mara ƙarfi, dangin burburwarmu. Da aka gwada su da tsararrakinsu da suka tashi a kan abinci mai kyau, sai suka fi su cin wannan ciyawa da kimanin kashi 20 cikin 100, kuma bayan wata 9 bambancin bai gushe ba. Ga kuma gwanintar baki, wadda ba a cika kula da ita ba. Tsinke ganye daga reshe mai ƙaya sana'a ce. Wanda ya koya yana ƙarami yana cika ciki cikin ɗan lokaci, wanda bai koya ba yana yini a tsaye a gindin itace ɗaya ya koma gida da rabin ciki.

Kada a ce duk wannan aikin ɗakin gwaji ne, sai masu wannan ra'ayi su nuna duwatsun Birtaniya. A Wels akwai tumakin dutse da suka saba kiwo a saman tsauni cikin ciyawar daji, akwai kuma irin Clun Forest da suka fi son shukakkiyar makiyaya. A wani gwaji na 1980 an yi musayar 'ya'ya tsakanin irin biyu, kowace tunkiya ta rene ɗan wata. Da suka tashi, wurin kiwon uwar reno suka fi bi, ba na uwar da ta haife su ba. A arewa maso yammacin Ingila kuma, a yankin Cumbria, tumakin Herdwick na kiwo a kan tsaunukan da ba shinge, garke da yawa a fili ɗaya, amma kowane garke ya san iyakarsa, ya san inda ruwa yake da inda ake fakewa daga iska, uwa na nuna wa 'yarta shekara bayan shekara. Don haka a can gona da garkenta ake bayar da ita haya. A 2001, da cutar kofato da baki ta ɓarke aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6 a ƙasar, manoman tsaunin sun ce asararsu ta wuce ta kawunan tumaki. Ana iya sayo sababbi, amma sababbin ba su san tsaunin ba, kuma sake koya musu aikin shekaru ne.

Duk wanda ya tsaya a nan zai ce an gama magana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma ɗaya ɓangaren yana da abin faɗa, kuma makaminsa na farko daga hannun mutanen farko ya karɓe shi.

Provenza da Lynch da wani abokin aikinsu sun tambayi kansu: idan uwa ta ce ci, ciki ya ce kada ka ci, wa ɗan tunkiya zai bi? A gwajin da suka buga a 1993, sun bar 'yan tumaki suna cin wani abinci tare da iyayensu, sannan suka ba 'ya'yan gishirin litiyam bayan sun ci. 'Ya'yan suka ƙaurace wa abincin, ko da kuwa uwar na ci. Ciki ya rinjayi uwa. A nan ɓangare na biyu ya kafa tutarsa. Suka ce abin da uwa ke yi bai wuce gabatarwa ba: ta sa ɗanta ya yarda ya ɗanɗana. Daga nan jikinsa ne ke auna abin da ya samu, ƙarfi ko furotin ko guba, ya ƙara so ko ya rage. Wannan awo kuwa ba ya tsayawa ranar yaye, har tunkiya ta tsufa tana yinsa a kowace cima. Shi ya sa a gonakin inabi na Kalifoniya aka iya koya wa tumakin da suka riga suka tashi su riƙa cin ciyawar da ke tsakanin kunya suna barin ganyen inabin, da wannan dabara ta gishirin litiyam. Idan ana iya sauya wa babba ɗabi'a cikin kwana kaɗan, ina dawwamar da ake danganta wa ƙuruciya?

Hujjarsu ta biyu daga makiyayar Ingila take. A can an daɗe ana gwada tumaki a fili mai kashi biyu, gefe ɗaya ciyawa zalla, gefe ɗaya kuloba, wani tsiro dangin wake mai yawan furotin. Sakamakon kusan kullum iri ɗaya ne: tunkiya na cin kuloba kimanin kashi 70 cikin 100, ciyawa kashi 30, tana fin cin kuloba da safe, ciyawa da yamma. Abin da ya fi damun masu cewa sabo ne komai shi ne, tumakin da aka tsare a kan ciyawa zalla, da aka sake su sai suka ruga wa kuloba, waɗanda aka tsare a kan kuloba kuma suka nemi ciyawa, aƙalla a farkon sakinsu. Wato abin da suka rasa suka nema. Tunkiya na gundura da abinci ɗaya komai daɗinsa, jikinta na neman cike giɓi, kuma wannan buƙata ta yau tana iya danne sabon da aka yi da.

Sai maganar gado. A tashar binciken tumaki ta gwamnatin Amurka da ke Dubois a jihar Aidaho, an auna yadda tumakin Rambouillet ke cin wani tsiro mai ɗaci da ƙarfin ƙamshi, ɗan'uwan tazargade, wanda ya mamaye makiyayar yankin. Binciken na 2001 ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin da ke tsakanin tunkiya da tunkiya wajen cinsa daga jini yake. Ke nan ana iya zaɓen iri a samu masu cinsa, ba tare da an koya wa kowa komai ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai na tsibirin North Ronaldsay ne, a arewacin Sikotland. A 1832 mutanen tsibirin suka kammala gina katangar dutse mai tsawon kusan kilomita 20, suka kewaye gonakinsu, suka bar tumaki a waje, a bakin teku. Tun daga lokacin ciyawar teku ce abincin waɗannan tumaki a mafi yawan shekara, suna bin janyewar ruwa su ci, su kwanta su yi tuƙa idan ya dawo. Lokacin haihuwa ne ake shigo da matan cikin katanga su yi 'yan watanni a kan ciyawar tudu. Saboda haka ɗan tunkiyar tsibirin a kan ciyawar tudu yake buɗe ido, a kanta yake yin makonnin nan da ake cewa su ne komai, amma ƙarshensa ciyawar teku yake rayuwa a kai. Bayan haka kuma, da yake jan ƙarfen da jiki ke samu daga ciyawar teku kaɗan ne, jikinsu ya zama gwanin tsotse shi, har ta kai idan aka mayar da su kiwon tudu na dindindin sinadarin na iya taruwa a hantarsu ya kashe su. Wannan kam ba uwa ce ta koyar ba, kuma ba uwar da za ta iya gogewa.

Suna kuma da ƙorafi a kan yadda aka yi yawancin gwaje-gwajen ɓangaren farko, ƙorafin da nake ganin yana da gaskiya. Da yawa a cikin keji aka yi su, da abinci iri biyu a kwano biyu, na 'yan mintuna. Makiyaya ta gaske tana da tsiro iri-iri, kowanne na sauya ɗanɗano daga fitowarsa zuwa bushewarsa, ga zafin rana, ga nisan ruwa, ga sauran garke da ɗan tunkiya ba ya son a bar shi a baya. Bambancin da ya fito fili a kwano yakan dushe a daji. Kuma bayan yaye, tsararraki na karɓar matsayin uwa. An ga dabbar da aka sa ta tsani wani tsiro ta koma cinsa don kawai ta ga abokan kiwonta na ci. Daga ƙarshe sai su ce, a bar wa yunwa aikinta, ba dabbar da za ta mutu ga abinci a gabanta.

A wannan magana ta ƙarshe ce suka zame. Ostareliya ta shafe shekaru tana loda tumaki a jiragen ruwa daga tashar Fremantle zuwa ƙasashen Gabas ta Tsakiya, kuma binciken mace-macen da ke faruwa a hanya ya nuna cewa ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne ƙin cin abinci. Tunkiya ta taso a ciyawa, an ajiye mata dunƙulallen abincin masana'anta a komi, ta ƙi ci kwana da kwanaki, jikinta ya yi rauni, ƙwayar cutar hanji ta ƙarasa ta. Yawancin garken kan koya, gaskiya ne. Amma waɗanda ba su koya ba dukiyar wani ce, kuma ko waɗanda suka koya, naman da ya zube a makonnin da suka yi suna jan baki ba ya dawowa kyauta.

Da na jera hujjojin biyu, abin da na lura da shi shi ne irin abincin da kowane ɓangare ya kafa hujja da shi. Masu rage darajar ƙuruciya sun fi samun gaskiya a kan abinci mai daɗi mai saurin biya, irin kuloba da ɗanyar ciyawa. Wannan ba ya buƙatar malami, loma biyu ta isa ciki ya ba da shaida. Masu ɗaukaka ƙuruciya kuma duk manyan hujjojinsu a kan abinci mai wuya suke: ganye mai gishiri, busasshiyar ciyawa mara ƙarfi, reshe mai ƙaya, ƙwayar hatsi da ba ta yi kama da komai da tunkiya ta sani ba, tsaunin da sai an san hanyarsa. Irin wannan abinci ladansa a ɓoye yake ko a jinkirce, dabba ba za ta gano amfaninsa ba sai ta daure ta ci da yawa, kuma abin da ke sa ta daure shi ne ta taɓa ganin uwarta na ci. Don haka a ganina kowane ɓangare ya faɗi gaskiya a filinsa. Ciki ne ke da hukuncin ƙarshe, wannan na yarda. Amma ciki ba ya hukunta abin da baki ya ƙi ɗauka.

In kuwa haka ne, mu nan maganar ta fi shafa fiye da manomin Ingila mai koren fili kusan duk shekara. Damina ba ta da matsala, kyasuwa da harkiya da gamba sabon tohi kowace tunkiya za ta ci. Amma daminarmu wata 3 ce zuwa 5, sauran shekara kuwa tumakinmu a kan abinci mai wuya suke: kara, busasshiyar ƙarangiya, 'ya'yan gawo da na kalgo, ganyen sabara da na aduwa, sai abin da mai su ya iya saye na harawa da kowa da dusa da angurya. Ɗan tunkiyar da aka haifa a cikin gari, a turke, bai san komai ba sai dusa da ɓawon wake, ranar da aka ba Bafulatani shi ya tafi da shi daji zai sha wahalar da ɗan Uda da ya tashi yana bin garke bai sani ba. Shi kuma ɗan Udan, ranar da fari ya tilasta a ciyar da shi a komi, nasa tsaikon zai zo. Maganin duka biyu arha ne har ya ba da mamaki. Kafin yaye, a ajiye wa uwa da ɗanta ɗan abin da ake tsammanin zai buƙata nan gaba, tafi ɗaya ko biyu, na 'yan kwanaki, a tabbata uwar na ci kuma ɗan na kusa. Manoman Ostareliya sun mayar da wannan al'ada. Ban ga dalilin da zai hana mai tumaki goma a Gumel ko Maraɗi yin haka ba. Wanda kuma yake renon maraya da kwalba, ya haɗa shi da wata babbar tunkiya mai haƙuri, don ko ba uwarsa ba ce yana koyo daga gare ta, ko da bai kai na uwa ba.

Sai dai akwai inda nake rabuwa da masu ɗaukaka ƙuruciya, kuma wurin na da haɗari. Wasunsu na magana kamar tunkiyar da ta tashi a hannun uwa ta gari ta san duk abin da zai cutar da ita. Gaskiya ne baƙuwar dabba ta fi 'yar gida faɗa wa tsiro mai guba, makiyayan da ke gangarawa kudu inda samberu yake sun san haka. Amma koyo ta hanyar ciki yana da sharaɗi: ciwon ya zo bayan cin da ɗan lokaci, kuma dabbar ta rayu. Gyauron dawa, musamman wanda fari ya taɓa, gubarsa na iya kashewa cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, babu damar ɗaukar darasi. Leda kuma akasin haka take. Tunkiyar gari na haɗiyarta don ƙamshin abincin da ke jikinta, ba ta jin komai a ranar, ledar na taruwa a tumbi wata da watanni har dabbar ta rame ta mutu, ba ta taɓa haɗa ciwon da abin da ta ci ba. A nan bin uwa ma illa ne, don ɗan da ya tashi yana bin uwarsa juji, juji zai ɗauka makiyaya.

Akwai kuma wani tarko da nasarar koyarwar kanta ke haifarwa. Baki na tuna hatsi shekara 3, amma ƙananan halittun da ke cikin tumbi, masu narkar da abinci, ba sa tunawa. Suna sauyawa ne bisa abin da dabba ke ci a makonnin nan, kuma suna buƙatar wajen mako 2 kafin su daidaita da hatsi. Tunkiyar da ta san masara tun tana ƙarama, in ta daɗe a ciyawa sannan ta samu buhu a buɗe, ita ce za ta ci fiye da ƙima, tumbinta ya yi tsami, ta kumbura, wani lokaci ta mutu, alhali wadda ba ta san hatsin ba tsoronta ya tsare ta. Saboda haka koyarwar ƙuruciya ba ta ɗauke wa mai kiwo wajibin farawa da kaɗan yana ƙarawa sannu a hankali.

Wuri na ƙarshe da wannan muhawara ke taɓa aljihu shi ne ranar rage garke. Idan rani ya yi tsanani, hankali na cewa a fara sayar da tsofaffin tumaki, a bar matasa masu sauran haihuwa a gaba. Lissafin yana da hujja: tsohuwar da haƙoranta suka zube tana cin harawar da ba za ta biya ba, kuma ba ta da tabbacin kaiwa damina. Ba zan ce a riƙe irin wannan ba. Amma tsakanin irin wannan tsohuwa da 'yar shekara ɗaya akwai tumaki masu haihuwa uku ko huɗu, haƙoransu da saura, waɗanda suka ga rani mai tsanani suka fita, suka san wane ganye ake ci idan ciyawa ta ƙare da kuma wanda ake bari. Su ne mai saye ya fi taya wa kuɗi don girmansu, don haka su ne suka fi saurin barin garke. Wanda ya sayar da su duka ya bar matasa zalla, 'ya'yan da za a haifa bana za su tashi a bayan iyayen da su kansu ba su gama sanin dajin ba. Ko biyu ko uku daga cikinsu aka bari a garke mai tumaki ashirin, sun isa su ja gaba wajen kiwo, kuma harawar da za su ci zuwa faɗuwar ruwa ba ta kai kuɗin 'yan tumakin da za a iya rasawa a rani mai zuwa ba.